Ɗigon da kwamfuta ta share a takardun kakana

An haife ni a gidan malamai a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, gidan da ake hura wutar kara a ƙofar zaure tun kafin asuba domin almajirai su ga allunansu, kuma sai da aka kai ni firamare ina ɗan shekara bakwai sannan na san akwai rubutun da ake farawa daga hagu. Kafin wannan lokaci na riga na gama babbaƙu na shiga farfaru a hannun Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya gaji zauren bayan rasuwar kakanmu. A bakinsa na koyi sunayen haruffa yadda ake rera su a tsangaya, su ba guje da ha kuri da mim jaye da ɗa mai hannu, sannan wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri da imala. Yau sana'ata ita ce bincike a fannin koya wa kwamfuta gani da sarrafa hoto, kuma labarin da zan bayar shi ne na shekarun da na yi ina fama in koya wa na'ura karatun da Baffa ya koya mini cikin 'yan watanni, da dorinarsa a gefe.

A ɗakin Baffa akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda ba a buɗe ta sai da rani, lokacin da ake fito da takardun kakanmu a kakkaɓe su a bar su su sha iska a inuwa. Fallaye ne marasa ɗinki, kowane ƙunshi a cikin tadarishinsa na fata, wasu kuma a gafaka, kuma abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma guda da marubuci ke ajiyewa a ƙasan falle, wato kalmar da za ta buɗe falle na gaba. Akwai fiƙihu da nahawu cikin Larabci, amma waɗanda suka fi jan hankalina su ne na Hausa da ajami: waƙoƙin wa'azi, da wasiƙu, da lissafin hatsin da kakanmu ya riƙa ba mutane rance a shekarun da damina ta yi gardama. Idan aka ɗaga wasu fallayen aka fuskanci rana, ana ganin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, tambarin masana'antun Italiya waɗanda fatake suka riƙa ratso Sahara da takardarsu. Duk shekara idan aka buɗe adakar sai a tarar gara ta ƙara cin wani gefe, ko kuma tawada ta ƙara ƙone takardar, domin tawadar da ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera tana da ƙarfe a cikinta, kuma a hankali take cinye abin da aka rubuta ta a kai.

Na karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a ne don neman abin yi kawai, ba da wata manufa ta daban ba. A shekarar ƙarshe wani malami ya shigo aji ya zana murabba'i a allo, ya tsattsaga shi gida-gida kamar gurbin dara, ya ce wannan shi ne hoto a wurin kwamfuta. Kowane gida ana kiransa fiksel, kuma abin da ke cikinsa lamba ce daga 0 zuwa 255, inda 0 ke nufin baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. Idan hoton mai launi ne, kowane gida yana ɗauke da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi. Ya ba mu labarin Russell Kirsch na Amurka, wanda a 1957 ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta da gidaje 176 a tsaye da 176 a kwance, da kuma yadda a 1966 Seymour Papert na jami'ar MIT ya tsara wani aiki da aka yi zaton ɗalibai za su gina babban sashe na ganin na'ura cikin hutu guda. Aji ya kwashe da dariya, tun da ga shi fiye da rabin ƙarni ana abu ɗaya. Ni kuwa hankalina ya koma kan adakar Baffa, na gane cewa idan na ɗauki hoton falle ɗaya, na'urar ba za ta tarar da ba guje ko ha kuri a ciki ba, illa dai ƙananan lambobi a wani wuri da manya a wani wuri, kuma duk ilimin fannin yana kan hanyar da ke tsakanin waɗannan lambobi da karatu.

Da na koma digiri na biyu, malamin da ke duba aikina ya ba ni zaɓi tsakanin gane lambar mota da gane fuska, domin su ne ake da tarin hotunansu a shirye. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ajami nake so na'ura ta karanta." Ya tambaye ni ina hotunan suke, na ce suna cikin adaka a ƙauye. Sai ya buɗe mini tarin da ake kira MNIST, wanda Yann LeCun da abokan aikinsa suka yi amfani da shi a 1998: hotunan alƙaluman lissafi na rubutun hannu guda 70,000, aka ware 60,000 don horarwa da 10,000 don gwaji, kowanne gida 28 a tsaye da 28 a kwance, a tsabtace, a tsakiyar fili. Ya ce, "Waɗannan siffofi goma ne kacal, kowacce a ware, amma dubi yawan misalan da aka tara musu. Kai naka haruffan a haɗe suke, kowanne yana sauya kama a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, kuma ko misali ɗaya ba ka da shi." Duk da haka ya sa hannu, kuma har gobe ina ganin a ranar ya fi ni gaskiya.

Baffa bai amince nan take ba, kuma da ya amince sai da ya kafa sharuɗɗa: in yi alwala kafin in taɓa takardun, kada falle ya taɓa ƙasa, kada ko ɗaya ya kwana a waje, kuma duk abin da ya shafi laƙani da asirin mutane ba na ɗauka ba ne. Na sa kafinta ya haɗa mini ɗan katako mai hannu wanda zai riƙe waya a saman tebur, na shimfiɗa baƙin kyalle, na ajiye rula da ɗan kwali mai ruwan toka a gefen kowane falle domin daga baya in san girma in kuma daidaita launi. A nan na koyi cewa rabin aikin sarrafa hoto yana ƙarewa tun kafin a danna waya. Hasken filasha yana sa tawada mai ƙaro ta yi ƙyalli har baƙi ya koma fari a hoto, rana tsaka tana jefa inuwar hannun katakon a kan rubutu, don haka lokacin aiki ya zama daga hantsi zuwa kafin rana ta take, a inuwar zaure. Kashin farko na hotunan kuwa da hannuna na lalata shi, domin na tura su daga waya zuwa kwamfuta ta manhajar aika saƙo, na kuma goge na asali don in sami fili. Tsarin matse hoto na JPEG, wanda aka tsayar a 1992, yana yanka hoto gida takwas-takwas ya zubar da ƙananan bayanai da idon mutum bai cika lura da su ba, kuma galibi yakan rage bayanan launi fiye da na haske. Idan aka sake matse hoton, kamar yadda manhajar ta yi, sai asarar ta ƙaru. Da na faɗaɗa hotunan sai na ga jajayen wasula sun narke sun zama dabbare-dabbare, dole na sake komawa ƙauye na sake neman izini.

Mataki na farko a littattafan fannin shi ne raba tawada da takarda, a mayar da shafi baƙi da fari zalla. Hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce ta Nobuyuki Otsu, mutumin Japan, wadda ya wallafa a 1979: a ƙirga fiksel nawa ne ke ɗauke da kowace lamba daga 0 zuwa 255, sai ƙirgen ya fito da tudu biyu, ɗaya na tawada ɗaya na takarda, sannan a nemi lambar da ta fi raba tudun biyu a kafa ta iyaka, abin da ke ƙasa da ita baƙi, abin da ke sama fari. A kan takardar ofis mai tsabta tana aiki kamar yankan wuƙa. A kan takardun kakana kuwa, inda yoyon ɗaki ya taɓa jiƙa wani gefe ya bar tabo ruwan ƙasa, inda hayaƙin fitila ya dusashe kusurwa, inda rubutun bayan falle ya huda ya leƙo gaba, iyaka ɗaya ba ta isar shafi guda. Tabon ruwa ya zama baƙin dunƙule ya haɗiye baiti uku, siraran wutsiyoyin haruffa kuma suka ɓace. Sai na koma hanyar Sauvola da Pietikäinen, masana daga ƙasar Finland, ta shekarar 2000, wadda ke yanke wa kowane fiksel hukunci gwargwadon maƙwabtansa na kusa, kamar yadda ake auna tsawon yaro a cikin tsararsa. Tabon ya tafi, baitocin suka fito, amma hanyar ta tsinto kowane ɗan datti da ke jikin takardar, shafin ya fito kamar an watsa masa gero.

Maganin wannan sananne ne, kuma layin umarni ɗaya ne a cikin OpenCV, rumbun kayan aikin da kusan duk ɗalibin fannin ke ɗiba daga ciki. Wata irin rariya ce: a ɗauki fiksel da maƙwabtansa, tara ko ashirin da biyar, a jera lambobinsu daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki ta tsakiya a maye gurbinsa da ita, ta yadda ɗan baƙin da fari ya kewaye zai nutse a cikin farin. Na ƙara da wata doka cewa duk wani ɓurɓushin baƙi da ke zaune shi kaɗai, wanda bai kai wani girma ba, a share shi. Shafin ya fito tas kamar yanzu aka ɗauko shi daga maɗaba'a. Na buga shi a takarda na nufi ƙauye da shi cikin ɗoki, na tarar da Baffa a kan buzunsa bayan la'asar, na durƙusa na miƙa masa. Ya gyara tabarau, leɓɓansa suka fara motsi, sai suka tsaya. Ya ce, "Ɗana, wa ya rubuta wannan?" Na ce, "Baffa, ai hannun Malam ne, wanke shi kawai na yi." Ya ce, "To ka yi tankaɗe ka zubar da garin, ka kawo mini tsaki."

Ya ɗora yatsa a kan wata kalma ya ce in karanta. Na duba na ga haƙori ɗaya a farko, sai alif, sai ra, na kasa cewa komai. A takardar asali akwai ɗigo biyu a ƙarƙashin haƙorin, kalmar "yara" ce. Da ɗigo ɗaya ne a ƙasa da ta zama "bara", da biyu ne a sama da ta zama "tara". Ya sake nuna mini wani wuri inda "zana" ta koma "rana" saboda ɗigon da ke kan zaira ya tafi, da wurare da dama inda imala, wato ɗigon da ake sawa a ƙasa don sautin "e", ta ɓace ɗungurungum. Rariyar da na yi amfani da ita an gina ta a kan zaton cewa ƙaramin abu datti ne, kuma wannan zato bai cika cutar da rubutun boko ba, tun da mai karatu zai gane harafin "i" ko an cire masa ɗigo. A rubutunmu kuwa ma'ana tana zaune a kan mafi ƙanƙantar abin da ke shafin. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kashin ƙuda, wanda girmansa da zagayensa ɗaya da ɗigon alƙalamin gamba, kuma takardar da ta shekara ɗari a ɗakin ƙasa ba ta rasa shi. Baffa yana bambance su da kallo ɗaya, domin ya san inda ɗigo ke iya zama da inda ba shi da hurumi. Watanni na yi ina sake gina wannan mataki, na daina tambayar girman ɓurɓushi, na koma tambayar ina yake zaune dangane da jikin harafi, da kuma wane launi ne gare shi.

Maganar launi ta tono mini wani kuskuren da na riga na yi tun a layin farko na aikin. Al'adar fannin ita ce a fara mayar da hoto mai launi zuwa ruwan toka, a ninka ja da 0.299, kore da 0.587, shuɗi da 0.114, a haɗa su lamba ɗaya. Jar tawadar da ta koɗe, idan aka yi mata haka, sai ta faɗo kusa da launin tsohuwar takarda, iyakar da ke raba baƙi da fari ta hau ta kanta. Alhali kuwa marubucin ya riga ya yi mini rabin aikin da hannunsa, domin a fallaye da yawa ya rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, kamar yadda masu rubuta Alƙur'ani a ƙasarmu ke yi har su ƙara rawaya da kore don alamomin hamza. Na sauya ma'aunin launi zuwa wanda ke raba irin launi da kaurinsa da haskensa, sai shafi ɗaya ya ba ni shafi biyu, na baƙaƙe daban, na wasula daban. Ranar da na fara ganin jajayen wasula su kaɗai a kan allon kwamfuta, a jere babu baƙi ko ɗaya, na daɗe ina kallonsu, domin babbaƙu da farfaru ne na ƙuruciyata aka raba mini su gida biyu.

Kafin in gina tawa na'urar karatu na gwada wata manhaja da aka horar da rubutun Larabci na maɗaba'a, sakamakon ya zama abin dariya mai koyarwa. A rubutun gabas fa tana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf tana da biyu. A rubutunmu, wanda ya biyo salon Magrib da ƙira'ar Warshu, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Saboda haka duk inda kakana ya rubuta "ƙara" sai manhajar ta karanta "fara". Ga kuma haruffan da Hausawa suka ba sabon aiki, irin su ɗa mai hannu da ke ɗaukar sautin "ɗ", da wadda ake ɗora wa ɗigo uku don "ts", da angai da ke ɗaukar "g". Hatta bugawa a kwamfuta matsala ce ta kanta, domin sai a 2016 tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya ba fa da ƙaf da nun na salon Afirka gurbinsu, sai kuma a 2020 aka ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke buƙata. Raba layuka ma ya ci mini lokaci, tun da wutsiyar lam ara kan sauko ta shiga layin ƙasa, sharhin gefe kuma kan zagaye shafi a karkace har ya juya kai ƙasa, amma wannan wahala ce ta kowa a fannin tsofaffin takardu.

A lokacin da nake wannan fama duniyar fannin ta riga ta sauya alƙibla. A 2012, a gasar gane hotuna ta ImageNet mai hotuna kimanin miliyan 1.2 da aka kasa gida 1,000, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na jami'ar Toronto suka shiga da wata ragar lissafi mai hawa-hawa da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuskurensu ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, na mai bi musu kuma 26.2. Tun daga nan aka rage rubuta wa na'ura dokoki da hannu, aka koma nuna mata misalai ta ciro dokokin da kanta. Idan aka leƙa hawan farko na irin wannan raga bayan horarwa, abin da ake gani shi ne ta koyi gane gajerun layuka, na tsaye da na kwance da na gicciye, kwatankwacin abin da wasu masana biyu, Hubel da Wiesel, suka gano a ƙwaƙwalwar kyanwa a 1959. Hawa na gaba yana haɗa su ya sami lanƙwasa da zobe, na gaba ya sami siffa. Ga rubutu irin namu kuma akwai wata dabara da Alex Graves da abokan aikinsa suka fitar a 2006, wadda ake kira CTC, da ke ba da damar a miƙa wa na'ura hoton layi sukutum tare da karatunsa, ba tare da an yanka shi harafi-harafi ba, ita ta nemo inda kowanne ya faɗa. Wannan ta cire mini ƙaya babba, amma ta mayar da ni kan tambayar malamina ta ranar farko, wato ina misalan.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, shi ya ba ni su. Na tattara na koma ƙauye, kullum daga hantsi zuwa azahar ina zaune a gefen buzun Baffa da kwamfuta a cinya, yana karanta layi ina bugawa, sau ɗaya harafi da harafi yadda yake a takarda, sau ɗaya kuma da boko. Caji a shagon mai sola nake yi, horarwa kuma da dare a kan na'urorin aro na intanet, waɗanda sau da yawa sabis kan yanke ana tsakiyar aiki in wayi gari in sake daga farko. Amma abin da ya fi wuya shi ne Baffa kansa, domin idan ya iso inda mahaifinsa ya yi tuntuɓen alƙalami sai ya gyara a bakinsa ya wuce. Na ce, "Baffa, abin da ke kan takardar nake so, ko da kuskure ne, domin na'urar takardar take gani." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kuskuren ubana zan karanta maka ka adana wa duniya?" Sai da muka yi sulhu a kan gurbi na uku, inda ake rubuta gyaransa da sunan gyara, sannan aiki ya ci gaba.

Da na horar da ragar da waɗannan layuka, bayan na fara ɗora ta a kan rubutun hannu na Larabci don ta sami tushe, sakamakon gwaji ya yi kyau har na fara tunanin inda zan wallafa shi. Malamina ya yi tambaya ɗaya: layukan gwajin hannun wa ne? Na kakana ne, kamar na horarwar, domin na cakuɗa su ne na raba kawai. Na aro fallaye daga gidan wani malami a maƙwabcin gari na ba ta, sai ta koma kamar ɗan da bai taɓa riƙe allo ba. Ashe hannun mutum ɗaya ta haddace, da kaurin alƙalaminsa da yadda yake karkata kaf lasan. Tun daga ranar ba na yarda da kowane sakamako, nawa ko na wani, sai na ga an raba misalai marubuci-marubuci, kuma a ganina yawancin lambobi masu ƙyalli da ake nunawa a tarukan fannin za su ragu da an yi musu wannan tambaya. Ciwon ɗaya ne da wanda Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka nuna a 2018, lokacin da suka gwada manhajojin tantance jinsi daga fuska suka tarar kuskure ya kai kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, alhali bai wuce 0.8 a kan maza farare ba.

Tara hannuwa da yawa ya sa na nemi mai karatu na biyu, wani dattijo abokin Baffa, kuma a nan na ga abin da littattafan fannin ba su cika tsayawa a kai ba. Muna kiran karatun da mutum ya ba mu amsa ta gaskiya, muna auna na'ura da shi, amma ga malamai biyu da suka haura shekara sittin suna karatu, sun saɓa a kan layi ɗaya. Mafi yawan marubuta rufu'a ɗaya suke sa wa "u" da "o", don haka "kura" da "kora" siffarsu ɗaya a takarda. Da yawa ba su bambanta "b" da "ɓ" ba. Karin sauti kuma babu mai rubuta shi. Na lura Baffa ba ɗigo-ɗigo yake bi ba. Idan waƙa ce yakan rera ta ƙasa-ƙasa, karin waƙar da amsa-amonta su gaya masa kalmar da ta dace ko da gara ta cinye rabinta. Idan wasiƙa ce ya san yadda ake buɗe gaisuwa da yadda ake rufewa. Wannan sani ba ya cikin fiksel ko ɗaya, kuma hanyar ba na'ura kwatankwacinsa ita ce a ciyar da ita rubutaccen ajami mai yawa, abin da har yanzu yake kwance a adakoki da kuma ɗakunan ajiya irin na Arewa House a Kaduna da gidan tarihi na Jos, mafi yawansa babu wanda ya buga shi a kwamfuta. Saboda haka na daina kiran abin da na gina mai karatu. Mataimaki ne da ke fitar da zato na farko, ya ja layi a ƙarƙashin inda yake shakka, mutum ya duba ya yanke.

Yanzu yanar ido ta fara rufe ganin Baffa, jar tawada ce ta fara ɓace masa, don haka idan na je gida nakan ware masa shafin wasula in mayar da su baƙi wuluk in faɗaɗa su a kan allon kwamfuta, ya matso da fuskarsa ya karanta. A zuwana na ƙarshe muna kan fallen lissafin rance, inda kakanmu ya rubuta sunan wani mutum da damin dawa da ya karɓa, a ƙasa kuma ya ƙara gajeren layi: ko dai "ya fara biya", ko kuma "ya ƙara biya". Gara ta huda daidai saman harafin, inda ɗigon ƙaf zai zauna. A ƙasansa akwai ɗan baƙi guda, inda ɗigon fa zai zauna. Na'urar ta ja layin shakka a wurin. Na auna launin ɗan baƙin, na gwada shi da ɗigogin da ke kewaye da kuma kashin ƙudan da ke gefen shafin, ya faɗo a tsakaninsu. Na haska fitila daga gefe don in ga ko alƙalami ya dasa a wurin, ban ga abin da zan rantse a kai ba. Na ce, "Baffa, wanne zan rubuta?" Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce jikokin mutumin suna nan a bayan kasuwa, amma babu wanda zai je musu da wannan magana, in rubuta duka biyun in sa alama. Na rubuta duka biyun, ya mayar da fallen cikin tadarishi ya ɗaure igiyar, ya ce in miƙo masa buta.